Ruwan Shuka Ranar Lissafi

A shekararmu ta ƙarshe a sakandare ba mu da wata hira sai ta jami'a. Makarantar jeka-ka-dawo ce a wani gari kusa da Dutse, kuma malamai sun cika mana kunne da magana ɗaya: wanda bai ci Turanci da lissafi ba, ko ya tara makin duniya a jarrabawar shiga jami'a, gida zai zauna. Ni kuwa tsakanina da lissafi sai hararar nesa. Da na ga lambobi sun hau kan juna sai in rufe littafin.

Abokina ne ya riƙe ni. Benci ɗaya muke zama tun aji ɗaya. Daga wani ƙauye yake zuwa a kan tsohon keken mahaifinsa, dogo ne, siriri, ga baki kamar reza. Farfesa yake kirana don tsiya, ni kuma in ce masa baƙauye. In an tashi sai mu zauna gindin darbejiyar bayan aji, ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke.

"Farfesa, wannan ko akuyarmu ta gane shi. Sake."

In zage shi, in sake. Haka muka yi ta yi har kaina ya fara buɗewa.

Da zafi ya shigo muka je Dutse muka yi jarrabawar shiga jami'a a kwamfuta. Ranar ce ya fara taɓa kwamfuta a rayuwarsa, amma da maki ya fito ya ba ni rata mai nisa. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, kwana biyu ina cin magani. Injiniya yake son zama. Abin da ya rage masa kawai jarrabawar fita, ita ma lissafin cikinta a wurinsa kamar shan fura ne.

Sai dai mahaifinsa ya rasu da kakar da ta wuce, ya bar shi da mahaifiya da ƙanne ƙanana. Gonarsu ta gado ce da ba a raba ba tsakanin marigayin da wansa. Baffan nan ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa shi ba zai ga gona ta kwana ba shuka ba: in ɗan boko ba zai iya ba, 'ya'yansa za su shiga. A wajenmu kuwa kowa ya sani, wanda ya zuba iri shi ke da amfanin shekarar. Kuma ƙasarmu yashi ce, in ruwan shuka ya sauka da safe ake fita, ba ta jiran kowa ya gama uzurinsa.

Ruwa ya yi ta jinkiri a shekarar. Muka yi Turanci, muka yi kimiyya, sama fes. Ana gobe lissafi, bayan la'asar, muna gindin darbejiya, sai gabas ta haɗe. Yara suka fara tsalle a titi. Na dubi abokina, na ga ya saki tsinken hannunsa yana kallon hadarin.

"Ka bari mu gama gobe," na ce. "Jibi mu taru mu yi maka gayya."

"Jibi gonar ta zama ta Baffa." Ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Da an idar da asuba zan fita da yara. In sara, su zuba. Kafin a raba takarda na iso. Ka tsare min kujerata, kada ka cinye ta don tsoro."

Aka kwana ana ruwa. Da safe muka shiga zauren jarrabawa, kujerarsa tana gabana kaɗan, ba kowa a kai. Aka yage ambulan. Aka raba. Na rubuta lambata, na dubi ƙofa. Na yi tambayar farko, na dubi ƙofa. Abin takaici, tambayoyin duk irin waɗanda ya sha zana min a ƙasa ne, ina yi ina jin muryarsa a kunnena.

Rana ta ɗaga sosai kafin in hango shi ta taga. Tura keken yake yi, ƙafafun keken sun cushe da taɓo, shi ma taɓo har gwiwa, farar rigar makaranta a kafaɗa ko sa ta bai samu yi ba. Shugaban makaranta da kansa ya fita ya roƙi mai sa ido, baƙo ne da aka turo daga wani wuri. Mutumin ya nuna agogo ya girgiza kai. Har yau in na tuna ina jin zafinsa, ko da yake na san dokarsa ya bi. Abokina bai yi gardama ba. Ya jingine keke, ya tsaya a bakin shinge yana kallon tagoginmu. Duk lokacin da na ɗago yana nan a tsaye.

Da muka fito na nufi bakin shingen. Shi ya fara magana.

"Ba ni takardar tambayoyin."

Ya tsuguna a nan bakin shingen, ya share jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya fara yi. Ɗaya bayan ɗaya. 'Yan ajinmu suka kewaye shi suna kallo. Yana gama kowace sai ya tambaye ni me na samu. Biyu na kuskure.

"Ka ci, Farfesa," ya ce. "Akuyarmu ta ji kunya."

Na juya baya don kada ya ga idona. Ya ce in daina, ai gonar ta shuku, ko ba komai ƙannensa za su ci tuwo bana, lissafi kuma ba gudu zai yi ba, baɗi yana nan.

Daga ranar ruwa ya ɗauke. Gero ya tsiro, ya yi kore shar, sannan ya tsaya yana jiran sama. Mako ya wuce, wani ya bi. Aka fita roƙon ruwa. Kafin mu ajiye alƙalamin ƙarshe shukar yankin gaba ɗaya ta ƙone, har da ta abokina. Ruwan gaske bai zo ba sai bayan mun gama jarrabawa da 'yan kwanaki, lokacin da ba wanda ke da abin yi da safiyarsa.

Na hau acaɓa na je taya shi sake shuka, ni da wasu 'yan ajinmu. Baffan bai nemi gonar ba wannan karon, tasa gonar ta ishe shi. Da yake muna da yawa, kafin hantsi mun gama. Mahaifiyarsa ta kawo mana kunu har bakin gona. Ta miƙa masa ludayi, ta ƙi sakin hannunsa.

"Ka yafe ni," ta ce. "Ni na tashe ka ranar."

"Haba Inna. Ruwa na Allah ne."

Ya karɓi kunun ya ajiye a gefe, bai sha ba.

Da sakamako ya fito tare muka je shagon kwamfuta a Dutse. Nawa aka fara bugowa: na tsallake lissafi da ƙyar, amma na tsallake. Nasa ya fito, kowane darasi ya fi ni, layin lissafi kuma an rubuta bai zauna ba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ninke ya sa a aljihu, ya ce in saya masa rake tunda na zama ɗan jami'a.

Baɗin da ya ce bai zo masa ba. Amfanin gonar bai kai su rani ba, ya tafi kudu neman abin da za su ci. Muka yi ta waya, yana cewa in ajiye masa littattafaina na aji ɗaya na jami'a, yana nan tafe. Daga baya kiran ya ragu. Wata rana na kira, wata mace ta ɗauka da wani yare, ta ce ba ta san shi ba.

Duk sallah nakan je gaida mahaifiyarsa. Ba ta da labarinsa, ni ma ba ni da shi. Zuwana na ƙarshe ta rako ni har zaure, abin da ba ta saba ba, ta rage murya.

"Ɗan nan, kai ka yi karatu, ka san dokarsu. Jarrabawar nan, in mutum ya girma, suna barinsa ya zauna?"

Na ce suna bari, Inna, ko da furfura.

"To alhamdulillahi," ta ce. "In ya kira ka, ka faɗa masa. Ka ce ƙannensa sun isa shuka yanzu."