Kunnen Babana da Giya ta Biyu

Har yau idan na ji direba ya danne totur a hanyar Illo, inji yana kururuwa shi kuma bai canza giya ba, sai haƙorana su yi tsami. Babana ne ya bar mini wannan ciwon.

Wata tsohuwar a-kori-kura gare shi, da ita yake jigilar shinkafa daga fadamun Kaoje zuwa Bagudo. Allurar da ke nuna gudun inji ta mutu tun kafin a haife ni, bai kuma taɓa neman gyaranta ba, don da kunne yake tuƙi. Ba a kunna rediyo a motarsa, ba a surutu. Ni kaɗai cikin 'ya'yansa yake ɗauka a gaba, wai don na iya kame bakina. Abin da ya koya mini kaɗan ne: kowace giya tana da inda ƙarfinta yake cika. Ka canza kafin nan, mota ta shaƙe. Ka wuce nan, sai ƙara da ƙona mai, gudun bai ƙaru ba.

Kawuna, ƙanin innata, shi ma direba ne, amma mai gaggawa. Babana yakan tsokane shi cewa yana canza giya kamar mai juya tuwon da ya fara ƙonewa. Shi kuma ya rama da cewa har kunkuru yakan yi wa babana sallama ya wuce.

Wata damina ina 'yar shekara tara, kogi ya cika da wuri. Muka yi rububin kwashe shinkafarmu, abincin gidanmu na shekara guda, kuma garin sauri lauje ya tsaga wa babana tafin hannun dama. Dole ya ba kawu sitiyari, ya zauna a gefe da hannu naɗe cikin tsumma, ni a tsakiyarsu. Tsakanin gona da babbar hanya akwai fili mai laushi, sannan hawa mai santsin laka. Ruwa ya riga ya fara lasar filin.

Kawu ya taso, inji bai gama buɗe murya ba ya jefa giya ta uku. Muna kaiwa rabin hawan motar ta shaƙe, ta yi tari, ta sulalo da baya. Da muka tsaya, ruwa ya kai rabin taya. Na ji tsoro ƙwarai, don na san idan muka sake sulalowa, sai dai mu tsira da ranmu mu bar buhunan.

Na zaci babana zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya sa kawu ya ja baya har gindin wata giginya, sannan ya ce, "Kak ka taɓa giyag ga sai na ce ma. Bari ta ƙare maganatta."

Muka taso. Ya ce a sa ta biyu, aka sa. Ƙarar inji ta yi ta hawa, hannun kawu yana kan sandar giya, yana satar kallon babana. Babana ya rufe ido, ya karkata kai kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Har muka kama hawan muna kan ta biyu. Motar ta yi ta haƙilo, laka tana feshi, sai da tayoyin baya suka taka tsakuwa ya buɗe ido.

"Yanzu."

Kawu ya sa ta uku, muka miƙe. Tun daga ranar bai ƙara zancen kunkuru ba.

Yau motar da nake tuƙawa ita ke canza wa kanta giya, allurarta kuma lafiya lau. Babana ya tsufa, kunnen da ya ciyar da mu ya toshe, sai an ɗaga murya yake jin gaisuwa. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda nake nuna masa. Kwanan baya na ɗauke shi zuwa asibiti a Bagudo. Muna hawa kwalta na ga ya miƙa hannun nan mai tabo, ya kifa shi a jikin motar a gabansa, inda girgizar inji take ratsowa, ya rufe ido. Na taka totur, ina kallonsa ta wutsiyar ido.

"Yanzu," ya ce a hankali.

Bai rufe baki ba motar ta canza.