Ƙarar da Verlene Gadsden ta kai saboda maƙabarta

Verlene Gadsden ta yi aikin dafa abinci a makarantar firamaren tsibirinmu, a gaɓar Carolina ta Kudu, har ta yi ritaya. Ba mai yawan magana ba ce. In ba ta coci, to tana bakin fadama tana kamun ƙaguwa, ko tana share tsohuwar maƙabartar bakin ruwa, inda mutanenmu suke kwance tun zamanin bauta. Mahaifiyarta da mijinta Cleophus duk can aka binne su.

Da hukumar hanyoyi ta amince a fitar da babban titi zuwa sababbin otal-otal na bakin teku, sai ga zanen ya gutsuri gefen maƙabartar. Verlene ta bi gida-gida har ta tara mu, muka sami wata lauya mai suna Henshaw, aka shigar da ƙara. Hujja biyu lauyar ta kawo: wurin na tarihi ne, kuma akwai wata irin shamuwa da doka ta hana a taɓa, tana sheƙa a fadamar.

A kotu, masanin da hukumar ta ɗauko ya ce bai ga duwatsu masu suna ba sai 'yan kaɗan, sauran duk ɓawon kawa ne, irin dodon-koɗin teku, da fasassun faranti. Mu da su muke yi wa kabari alama, amma shi tarkace ya kira su. Verlene ta tashi ta faɗi wanda ke kwance a gindin kowace bishiya. Alƙali ya saurare ta da ladabi, sannan ya ce abin da ke cikin kan mutum bai isa shaida ba. Duk da haka ya soke izinin yin titin, don hukumar ba ta yi binciken tsuntsayen yadda ya kamata ba.

Muka fito muna rungumar juna. Ita kuwa ta tsaya a kan matakala, jaka a hammata.

“Wato tsuntsu ya fi uwata daraja ke nan,” in ji ta.

Hukumar ta sake bincike, ta karkatar da titin daga sheƙunan, ya faɗa tsakiyar maƙabartar. Aka sake ba da izini. Muka ɗaukaka ƙara, muka faɗi. A lokacin mutane sun gaji, ƙanenta Thaddeus ma har ya sami aikin tuƙin tifa wajen 'yan kwangilar. Ya zo gida yana ba ta haƙuri.

“Yaya, ki bari haka. Matattu ba su san ana yi ba, mu kuwa muna da cikin da ke jin yunwa.”

“To je ka cika shi. In ka zo kan Inna, ka rage gudu.”

Ba su ƙara zama a benci ɗaya a coci ba.

Aka tone kaburburan, aka kai abin da aka samu maƙabartar gari. Cleophus yana da dutse, don haka an san shi. Mahaifiyarta kuwa tana cikin ƙananan akwatunan da aka jera ba suna, in ma an same ta. Verlene ta je sau ɗaya, ta duba, ta dawo.

Da ciwo ya kwantar da ita, ta ce wa 'yarta Loretta a ƙone gawarta, kada a sa ta a ƙasar da za a iya sake tonewa. Dattawan coci suka ce mu ba ma yin haka, Loretta kuma ba ta iya ja da su ba. A maƙabartar gari aka binne ta.