Merle Sundquist da Shirun da Suka Kasa Jurewa

Ranar Talata, biyu ga watan Disamba na 2003, Merle Sundquist ya riga mu gidan gaskiya a asibitin garinmu, Calder Bay. Matarsa Lorraine ce ta buga mini waya da hantsi ina wanke-wanke, ta ce, "Doreen, tsohon ya tafi." Kafin yamma tashar talabijin ta garin ta fara shelar cewa an yi babban rashi. Na tashi na kashe akwatin, domin ban iya jin wannan magana daga bakinsu ba.

Merle, shekara da shekaru kana zana Ansel a shafin baya na jaridarmu, tsohon direban motar share ƙanƙara, mai hular kunnuwa da kaurin gashin baki, wanda bai taɓa furta ko kalma ɗaya ba. Direbobin gari kan yanke zanen su manna a gilashin mota. Kai kuma duk safiyar da ƙanƙara ta zuba, sai ka kai musu kofi garejinsu, ka zauna a kan taya kana kallon yadda suke ɗaura wa tayoyi sarƙa, har ka fi wasunsu sanin aikin.

Na san ka a 1978, da aka ce za a mayar da Ansel katun na Kirsimeti, wato fim ɗin zane na talabijin. Ina cikin matan da aka ɗauka shafa launi a kan falle-fallen roba, aikin da ke cin ido da wuya, wanda ba a saba rubuta sunan masu yinsa ba. Kai ka kafe sai an sa sunayenmu, kowacce da nata, a ƙarshen fim. A wannan sanyin ne mahaifiyata ta faɗi ciwo a ƙauye, hanya ta toshe, ka ɗauke ni a tsohuwar motarka ka kai ni har ƙofar gida. Duk tsawon tafiyar ba ka ce mini in yi haƙuri ba, gurasa da cuku kawai ka miƙo mini da muka yi nisa. Na same ta da rai, kuma ban manta ba.

Labarin fim ɗin ba shi da rikici. Jajiberin Kirsimeti Ansel ya wuni yana share titunan gari don kowa ya isa gida wurin iyalinsa, mutane kuma suna ta zaginsa saboda tudun ƙanƙarar da motarsa ke bari a bakin ƙofofinsu. Ya koma gida a gajiye, ya ɗumama miya, ya ajiye faranti biyu kamar yadda ya saba tun matarsa na da rai. Daga nan ka ɗauke sauti ɗungurungum, ba kiɗa, ba murya, irin shirun da ke sauka a gari bayan ƙanƙara ta gama zuba. A cikin wannan shiru Ansel ya hango ta taga maƙwabtan da suka zage shi suna share masa hanyar gida da shebur. Ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, ba wanda ya rera waƙa. Suka gama suka watse, shi kuma ya ci gaba da shan miyarsa.

Ba wanda ya ga wannan a ranar da aka nuna fim ɗin. Wani matashi mai suna Royce Dunleavy ne ke kula da shirye-shirye a tashar a wannan maraice, kuma bai ga dalilin ɓata lokacinsa ya kalli fim ɗin kafin a sa ba. A wurin irinsu, shiru a talabijin lalacewa ce. Da ya ji ɗif, sai ya ɗora allon nan na ban haƙuri, wai an sami tangarɗar sauti. Allon ya zauna a kan maƙwabta da sheburansu, ya zauna a kan sunayenmu, bai ɗaga ba sai da aka shiga tallar katifa. Muna zaune a falonka da 'ya'yanmu da kwanukan abinci a cinya. Ka miƙe ka tattara kofuna ka shiga kicin.

Washegari masu sharhi a jaridu suka rubuta cewa fim ɗin ba shi da ƙarshe. Malamai masu alƙalami, ba wanda ya ɗaga waya ya tambaya. Wani ma ya ce katun na Kirsimeti da babu ƙararrawa, babu dabba mai magana, babu yaro mai kuka a koya masa darasi, cin amanar yara ne. Royce bai ba ka haƙuri ba, sai ma borin kunya, wai laifin wanda bai yi gargaɗi ba ne. Aka jefa fim ɗin a ɗakin ajiya, shi kuma aka yi ta ƙara masa girma har ya zama shugaban tashar. Duk Kirsimeti 'yan tashar suka ci gaba da cika wa yaranmu kunne da ihu da tsalle-tsalle, abin da ko awa ɗaya ba ya yi a ƙwaƙwalwa.

Cikin kakar nan, da labari ya bazu cewa jikinka ya yi tsanani, Royce ya shinshino. Ya zo asibiti da kwandon lemo da murmushin 'yan talla, ya ce za su sake nuna fim ɗin bana don girmama ka. Sharaɗi ɗaya ne kawai: za a sa kiɗan goge mai taushi a wurin shirun, a kuma sami mai daɗin murya ya bayyana wa jama'a abin da Ansel ke ji a zuciyarsa. Lorraine ta gaya mini cewa har ya dafa kafaɗarka ya ce, "Ka san 'yan yanzu, Mista Sundquist, shiru kaɗan sun canza tasha." Shi ne kuma ya tsaya a coci ranar jana'izarka yana goge busassun idanu, yana cewa tun farko ya san kai gwani ne, sannan ya sauka ƙasa inda ake raba wa 'yan makoki abinci ya cika faranti da dankali har sau biyu.

Da na ji ka amince masa, na zo asibiti a fusace. Na ce maka wannan mutumin ya rufe aikinka sau ɗaya, yanzu kuma ka ba shi izini ya sake rufe shi da surutu. Ka bar ni na gama faɗana, kana kallon silin. Sannan ka ce, "Haba Doreen, zauna mana, kina tsorata ma'aikata. In na ƙi, beraye ne za su kalle shi. Bar shi ya zuba gogensa. Ke dai ki gaya wa mutane, da zarar Ansel ya ajiye faranti na biyu, su kashe sauti."

To, ga shi na gaya muku, mutanen Calder Bay. Maraicen ashirin da uku ga wata za a nuna shi. Ku tara yaranku, ku riƙe rimot a hannu, in kun ga faranti na biyu ya sauka a tebur ku kashe murya, kada ku mayar sai an gama. Wanda ya ga dama ya saurari Royce da mai gogensa, kunnensa ne.

Merle, Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya ba ka hutu a wurinsa. Allah ya ba Lorraine da 'ya'yanku da jikoki haƙurin wannan rashi, da direbobin garejin da suka ɗauki akwatinka. Lorraine, zan zo gidanki a wannan maraice mu kalla tare, ni zan riƙe rimot. Allah ya sa mu cika da kyau, amin.