Karen da Na Koya wa Cafe Faifai

Ina da lambu a bakin fadama, tsakanin Kankia da Tafashiya, inda nake noman tumatir da albasa da rani. Saboda lambun na ajiye kare. Kafin in ajiye shi sai da na tambayi yayana, domin shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, kuma shi ke koyarwa a Islamiyyar unguwa. Ya ce karen gadin gona ya halatta, amma da sharaɗi uku: kada ya shigo gida, kada ya sa baki a kayan abincin mutane, kada ya zama abin wasa. Na karɓa. Shekara biyu ban karya ko ɗaya ba.

Karen ja ne, mai dogayen ƙafafu, kunnensa ɗaya a karye. Ban sa masa suna ba, fito nake yi ya zo. Aikinsa korar awaki da shanun da suka ɓalle daga garke, kuma yana yin aikin.

Mijin ɗiyata ta fari direba ne. Wata rana ya kawo mini taki lambu, muka zauna ƙarƙashin mangwaro, ya ciro waya.

"Baba, zo ka ga aikin waɗanda suka ƙoshi."

Na duba. Fili ne mai ciyawa a ƙasar Turawa, an ja layi da farin fenti. Mutum ya tsaya bayan layin ya wurga wani abu kamar farantin roba. Kare ya bi shi da gudu, ya yi tsalle ya cafe kafin ya taɓa ƙasa, ya dawo da shi hannun mai shi. Ga alƙalai a zaune suna ba da maki, ga mai riƙe da agogo.

"Har kofi ake ba su, Baba. Wallahi karen nan ya fi ni gata."

Shi dariya yake yi. Ni ban yi ba. Tsarin abin ne ya kama ni. Firamare kawai na yi, amma tun can ina son abu mai layi, mai farko da ƙarshe. A wasan nan na ga kowa ya san wurin tsayawarsa, har dabba.

Farantin roba ba ni da shi, amma faifai akwai a kowane gida. Na karɓi wani tsoho wurin matata. Ta ce, "Mi za ka yi da shi?" Na ce rufe iri zan yi. Ƙaryar farko ke nan.

Na bi abin daki-daki. Mako na farko ina mirgina faifan a ƙasa, karen ya bi ya ɗauko, in ba shi ɗan ƙanzo. Mako na biyu ina jefawa kusa, daidai tsayin gwiwa. A na uku na ja layi da sanda a kan turɓaya, na auna taku ashirin, na kafa kara. Kuma na koya masa alama, don kada ya riƙa tashi ba izini: in na ɗaga faifan sama sau ɗaya ya shirya, in na ɗaga na biyu ya taso. Bai taɓa saɓa wannan alama ba.

Kafin albasa ta nuna yana cafewa a taku talatin. Maƙwabtan lambu suka fara tsayawa bayan la'asar suna kallo. Ɗaya daga cikinsu, mai rake, kullum sai ya ce, "Malam, ara mana shi ranar Juma'a, ya fi golan garinmu riƙo." Nakan ɗaure fuska in ce su koma bayan layi. Amma ina jin daɗi, ba zan ɓoye ba. Ban taɓa koya wa wani abu aiki ya karɓa daidai yadda na bayar ba, har 'ya'yana.

Gwaggona, ƙanwar mahaifinmu, tana zaune a Bauranya ta ƙasar Kusada. Ta tsufa amma ba ta yarda da zama. Ta zo ganin gida, da hantsi kuma ta biyo lambu da ƙwaryar fura don ta kawo mini, a rufe da sabon faifai mai ado. Ina bakin rijiya da guga a hannu. Ta sauke ƙwaryar, karen ya matso yana kallo. Ta cire faifan ta miƙe don ta kore shi.

"Kai, tahi can!"

Ta ɗaga faifan sama. Na ga karen ya lanƙwashe ƙafafun baya. Ta sake ɗagawa.

Na ƙirga duka biyun da idona, bakina kuma bai buɗe a kan lokaci ba. Ya taso. Bai cije ta ba, ko yatsanta bai taɓa ba, faifan kawai ya ɗauke. Amma ƙirjinsa ya bugi kafaɗarta, ta faɗi ta baya a kan gefen kwarin ruwa, hannu ya riga jiki sauka. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Karen ya zagayo ya ajiye faifan a kan ƙafata, ya zauna yana kaɗa wutsiya, yana jiran ƙanzo.

Surukina ne ya kai mu wurin mai ɗori a Kusada. Da muka dawo yayana ya kira ni zaure, gwaggo na zaune da hannu ɗaure cikin karare.

"Sharaɗi nawa na ba ka?"

"Uku, Yaya."

"Nawa suka rage?"

Na ce, "Ɗaya. Bai shigo gida ba."

Gwaggo ta ce, "Ku bar dabba ta huta. Mahaukacin ga shi nan tsaye da hula."

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce mata da yawa suna bi ta fadamar nan da faifai a hannu, wasu da goyo. Ya ba ni mako biyu. Ko in cire wa karen wannan ɗabi'a, ko ya bar ƙasar.

Na ɗauka abin da aka sa da tsari, da tsari ake cire shi. Na farko na gwada duka. In ɗaga faifai sau biyu, ya taso, in zuba masa tsumagiya. Sai ya ɗauka bai yi da kyau ba ne, ya ƙara tsayin tsalle. Na biyu na shafa wa faifan barkono. Ya cafe, ya kawo mini yana atishawa, hawaye na zuba, ya ajiye a ƙafata. Na uku na ɗaure shi a jikin mangwaro kwana shida, ina ɗaga faifai a gabansa safe da yamma ba na jefawa. A kwana na biyar ya daina motsi, na ce an samu.

Yaya ya zo da kansa ya gwada. Ya tsaya nesa da itacen ya ɗaga faifai. Ya sake ɗagawa. Karen ya taso da dukkan ƙarfinsa, igiya ta fizge shi ta wuya ya faɗi ta baya. Ya tashi yana tari, idonsa na kan faifan. Yaya ya miƙo mini faifan ya juya ya tafi.

Na kai shi wa wani maharbi a Rimaye kyauta. Kwana uku ya dawo mini da shi. Ya ce, "Wanga ba ya kallon daji, hannuna yake kallo. Zomo ya wuce ta gabanshi bai waiga ba." Na tambayi masu lambu biyu a nesa ko za su karɓe shi, labarin ya riga ni isa.

Saura masu motar da ke zuwa ranar kasuwa suna sayen karnuka su tafi da su kudu. Kowa ya san abin da ake yi da su a can, ni ma na sani. Yaya ya aika aka kira su bakin lambu.

Sun zo su biyu, da kejin ƙarfe a bayan mota, wasu karnuka na ciki suna haki. Nawa ya ƙi matsawa. Suka jefa igiya ya kauce, suka zagaye shi ya shige cikin albasa. Ɗayan ya ɗauko dogon ƙarfe mai maƙata, ya ce da wannan ba ya kuskure, sai dai wani lokaci wuya kan karye.

Yaya ya dube ni. Ya ce, "Ka san yadda za ka yi."

Na sani. Na ce su buɗe ƙofar kejin su ja baya. Na shiga bukkar lambun na ɗauko tsohon faifan matata, wanda gefensa duk ya cinye da haƙori. Na yi fito, ya fito daga cikin albasa yana kaɗa wutsiya, domin mako biyu ke nan ban yi wasa da shi ba. Na auna da ido, bai kai taku goma ba. Na ɗaga sau ɗaya. Na ɗaga na biyu, na jefa.

Ya cafe shi a bakin ƙofar, ya sauka ciki. Ya juyo zai kawo mini, suka rufe.

Ɗayansu ya miƙo mini kuɗi a dunƙule, ban karɓa ba. Motar ta hau hanyar Kankia, faifan na bakinsa har suka sha kwana.

Da yamma na ɗauki fartanya na share layin, na tuge karan da na kafa. Bayan kwana huɗu awaki suka shiga suka cinye mini kunya biyu ta tumatir, na kore su da kaina. Hannun gwaggo ya haɗu, amma a karkace, ba ta iya dama fura da shi. In ta zo gida nakan tashi in riƙe mata ƙwarya.