Muryar Baba Bukar da Na Saki

Dā ni mai gyaran waya ne a kasuwar Haɗeja kafin in lalace. Da damina, in ruwa ya cika fadama, kasuwata ke buɗewa, don masunta da manoman shinkafa ba sa rabuwa da jefa waya a ruwa. Mutum zai miƙo min ita a jiƙe, ya faɗa min lambar buɗewa, ya tafi harkarsa.

Da leƙe na fara. In waya ta tashi sai in duba hotuna, in saurari saƙonnin murya, in yi dariya ni kaɗai. Daga nan na koma kwafewa. Sai na buɗe shafin gulma ba da sunana ba, ina sakin abin da na tara. Mabiya suka yi ta ƙaruwa, kaina ya kumbura. Wanda ya roƙi a cire nasa kuwa, sai ya biya.

Wata ranar kasuwa Baba Bukar, wani masunci daga Guri, ya kawo tasa. Ya ce, "Ɗana, ka lallaɓa ta, ban iya karatu ba, duk maganata a ciki take." A ciki na tarar da saƙon da ya tura wa wansa, yana kuka, yana cewa farfaɗiyar 'yarsa Falmata ta dawo, ga shi an sa ranar aurenta. Ya ce so yake ya sami surukansa da kansa ya faɗa musu. Na riga shi. Na saki saƙon a shafina, kafin ya isa gida sun ji a waya, suka aiko a mayar musu da kayansu.

Bai sha wahalar gano ni ba, don ni kaɗai na taɓa riƙe wayar. A kotu na ce ban saci komai ba, wayarsa na mayar masa lafiya. Alƙali ya ce akwai dokar da ta kare bayanan mutum kamar yadda ake kare akuyarsa. Ya tambaye ni, "Muryar fa, ka mayar masa?" Aka ɗaure ni.

Da na fito na je Guri neman gafara. Baba Bukar ya ce, "Ni na yafe. Falmata kuwa ko rijiya ba ta zuwa, je ka tambaye ta." Ban iya ba, kunya ta hana ni.

A motar dawowa wani fasinja ya kunna wa abokinsa saƙon nan, suna ƙyaƙyata dariya. Na ji kukan dattijon ya cika motar, na sunkuyar da kai ina neman gafarar Allah.

Samari, in an ba ku waya, ku yi abin da aka sa ku, ku mayar. In asirin wani ya faɗo wayarku, kada ku tura. Ni na gama zaman gidan yari, amma har yau Baba Bukar yana kuka a wayoyin mutanen da bai sani ba, kuma ba ni da hanyar sa shi ya yi shiru.