Bencin Da Aka Rage Wa Ƙafa

Mahaifina mai shayi ne a Jibiya. Teburinsa na gefen titi, daidai inda manyan motoci ke jeruwa kafin a duba takardunsu su tsallaka Nijar. Tun ina ƙarama na san abin da yake taƙama da shi: ba ya kallon kofi. In zai sheƙa shayi don ya huce, sai ya ɗaga kofi ɗaya sama da kansa, ɗayan can wajen gwiwa, shayin ya zubo siriri kamar igiya, idonsa kuwa na kan mai saye, yana tambayarsa hanya da iyali.

"Ɗan koyo ke kallon kofi," in ji shi. "Mutum ake kallo."

Ciwon a hankali ya shigo. Da safe yatsunsa su sandare, gaɓoɓin su kumbura su yi zafi, sai rana ta ɗaga su saki. Ya ce sanyi ne. An shafa man kaɗanya, an sha saiwoyin da wata gwaggonmu ta aiko daga Mazanya, shiru kake ji. To ni ma zuciyarsa na gada. Ran nan na nemi izini a makarantar da nake koyarwa, na tasa shi gaba sai asibiti a Katsina, muna musu tun daga tasha.

Bayan gwajin jini, likita ta ce amosanin gaɓoɓi ne, irin mai kumburi. Sannan ta ce, "Baba, rufe idonka." Ta lanƙwasa wuyan hannunsa kaɗan, ta miƙe shi, ta ce ya mayar da shi inda ta ajiye ɗazu. Baba ya mayar da ƙarfin gwiwarsa, ya buɗe ido. Kai, ko kusa! Aka sake, ya sake zarcewa.

"Yarinya, wasan 'yar ɓuya munka zo yi?"

Ta yi dariya, ta yi masa bayani. Ashe gaɓa tana da nata ji, shi ke gaya wa mutum inda hannunsa yake ko bai duba ba, kumburin kuma ya dusashe wannan jin. Ta rubuta magani, ta ce ya riƙa jiƙa hannun a ruwan ɗumi da safe yana motsa yatsu. Ta ƙara da cewa, "Kuma in kana aiki, ka riƙa kallon hannunka."

Maganin ya sha, ruwan ɗumin ma ya yarda. Na naɗa wa mariƙin kofunansa tsumma don su cika masa hannu, ya yi ƙunƙuni ya karɓa. Amma kallon kofi? Wai shi, da furfurarsa? Allah ya kiyaye.

Wata safiya na biya na kai masa ƙwayoyinsa da ya bari a gida. Na tarar da amininsa, wani tsohon direba ɗan Maraɗi da ya shekara da shekaru yana tsayar da babbar motarsa, wadda yake kira kamyo, a gaban teburin. Baba ya ɗaga kofi yana tsokanarsa kan tayar motarsa da ta yi faci. Shayin ya zubo, ya wuce kofin ƙasa da kamar yatsa biyu, sai bisa ƙafar tsohon. Ya yi tsalle yana salati, mutane suka kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya tsaya yana kallon hannunsa kamar aro aka ba shi.

Kwana huɗu teburin na kife. Ya ce ya gama, a sayar da tukunyar. Na yi lallashi, na yi faɗa, har na ce masa girman kai rawanin tsiya, ya ce in fita masa daga ɗaki. Wallahi na ji tsoro. Na san in Baba ya bar bakin titin nan, zama zai cinye shi kafin ciwon.

Rana ta biyar sai ga ɗan Maraɗi da sassafe, yana ɗingishin da na tabbata ya ƙara masa gishiri.

"Hito, tsoho! Ka ƙona ni, kuma ka hana ni shayi? Ba ka isa ba."

Haka ya ja shi har teburin, na bi su a baya. Da ruwa ya tafasa, Baba ya ɗauki kofunan yana jan jiki. Sai direban ya sauka daga benci, ya tsuguna a gabansa, fuskarsa daidai bayan kofin ƙasa.

"Mi kake yi nan?" in ji Baba.

"Bayana ke ciwo, bencinka ya cika tsawo. Zuba mani, kuma ka dube ni in kana magana."

Baba ya sunkuyar da ido don ya dube shi, kofin kuwa na nan tsakaninsu. Shayin ya sauka tsakiyar kofi, ko ɗigo bai fita ba. Ya sake sheƙawa, ya sake, kumfa ta taso. Ni dai na juya baya na goge ido da mayafi.

A satin aka kira kafinta ya rage wa bencin ƙafafu. Har yau direbobi na zama a kai gwiwoyinsu na taɓa ƙirji, baƙi na mita, 'yan gida na danne dariya. Hannun bai warke ba, akwai safiyar da sai hantsi yake iya riƙe kofi. Kwanaki na tsokane shi, na ce, "Baba, na ga kamar yanzu kana kallon kofi."

Ya harare ni.

"Ke, ban son sharri. Mutum nake kallo. Kofin ne ya shiga tsakani."