Kwalin Sifaniya na Kawu Isufu

Duk wanda ya zauna a shagon Kawu Isufu a unguwar Naif ta Dubai ya san ba ya fara magana sai da "Wani malamin Andalus ya ce." Ko farashin takalmi ka tambaya, sai malamin ya riga ka shiga cinikin.

Ƙanen mahaifiyata ne, ɗan Damagaram, ya yi boko da Faransanci. Littattafan malaman Sifaniya, wato Andalus ɗin, na da da na baya-bayan nan, su yake tarawa a ƙarƙashin kanta. Burinsa ɗaya: su isa makarantar unguwarmu a gida.

A tsakiyar zafin Dubai ba ya kunna na'urar sanyaya ɗaki. Na ce, "Kawu, za mu narke!"

Ya ce, "Mutanen Kurɗuba ta Andalus sun rubuta likitanci da falsafa da mafici a hannu. Kai me ka rubuta da sanyin?"

Wata rana yana ba Alhaji Sani, maƙwabcinsa Bakano, labarin wani babban marubucin Sifaniya. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To shi wannan, wane kulob yake buga wa?" Kawu bai sake gaishe shi ba sai da azumi ya kama.

Da ciwo ya fara cinsa, ya ɗaure littattafan a kwali, ya ce in kai wa mai kago a Ras Al Khor, ya tura shi gida a kwantena. Mutumin ya tambaya mene ne a ciki, na ce kayan Sifaniya. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya ce, "Sifana? Khalas, shi ke nan." Aka jefa shi cikin kayan gyaran mota. Kwali ya shiga duniya.

Na je asibiti na gaya masa, ina jiran faɗa. 

"Malaman nan an kore su daga Andalus ma ba su ɓata ba," in ji shi. "Sai kwantena?"

Bai ga ƙarshen maganar ba. Bayan sadakar arba'in wani makanike ya bugo waya daga Kano, ransa a ɓace: ya buɗe kwali, ko sifana ɗaya babu. Alhaji Sani ne ya karɓo kwalin, ya kai Damagaram da kansa. Ya ce da ni tun daga Daura yake kuka, kuma har yanzu bai san kulob ɗin ba.

Allah Ya ji ƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa. Wannan karon ba na jin zai ƙi.